Zuwa ga masu gadin manhaja



Na rubuto ne kan wata ɗabi'a tamu da ni ma na daɗe ina yi. Mukan saki na'urar bincike a kan manhaja, ta zubo mana jerin ɓaraka, mu kwashe mu jibga wa masu rubuta manhajar, mu ce a gyara kafin Juma'a. Na taɓa tura wa wani matashi irin wannan jeri, shafi bayan shafi duk ja. Ya buɗe, ya leƙa ƙasa, ya rufe, ya koma aikinsa. A lokacin na ɗauka raini ne. Ashe ni ne ban nuna masa inda zai fara ba.

A shekarar 2024 kaɗai an yi rajistar ɓaraka sama da 40,000 a kundin CVE. Ba mai iya toshe su duka, ba ma a bukata. Makin CVSS, daga 0 zuwa 10, girman ɓarakar yake faɗa, bai san gidanku ba. Lalle sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, amma tsagar ɗakin ƙurya ba ɗaya take da ta katangar bakin titi ba. Mai maki 9.8 da ke kwance a sashen da manhajarku ba ta taɓa kira ba za ta iya jira. Mai maki 7 a shafin shiga da ke buɗe ga intanet, ita ce ta yau.

Kafin ku tura komai, ku duba ko 'yan kutse suna amfani da ɓarakar a halin yanzu. Hukumar CISA ta Amurka tana fitar da jerin irinsu tun Nuwamban 2021, kyauta. Ma'aunin EPSS kuma yana kiyasta yiwuwar a far wa ɓaraka cikin kwana 30 masu zuwa. Sai ku leƙa abin da ke bayan ƙofar, kuɗin mutane ne ko shafin gwaji.

A Maris ɗin 2017 aka fitar da facin wata ɓaraka a manhajar Apache Struts. Sanarwa ta zagaya kamfanin Equifax, mai amfani da manhajar, amma ba ta kai hannun da zai gyara ba. A watan Mayu 'yan kutse suka shiga, bayanan mutum kusan miliyan 147 suka tafi. Shi ya sa nake cewa ku tura ɓaraka uku ko biyar, kowace da sunan mai gyarawa, da fayil ɗin da take ciki, da sigar da za a koma, da dalilin gaggawar a jimla ɗaya. Sauran kuma ku riƙe su a wurinku, ku sa musu lokaci.

Ku kuma adana ihunku don irin Disamban 2021, lokacin da ɓarakar Log4Shell ta ɓulla da maki 10 cif, a cikin Log4j da ke ɗinke a manhajojin Java marasa adadi. Wanda kuka saba tasa da ƙararrawa kowane mako, a irin wannan daren wayarsa a kashe za ku same ta.

Naku,
wani tsohon mai gadi