Lanƙwasa Tsirkiyar Jita: A Tambayi Mai Kalangu Kafin A Tambayi Waya

Yau ba labarin soyayya na zo muku da shi ba, magana ce a kan wata dabara ta kaɗa jita, wadda 'yan tsirarun samarinmu na Batsari da Safana da suka fara riƙe wannan abin kiɗa suke ta wahalar koyo a cikin waya, alhali kuwa malamanta suna nan a bayan gidajensu.

Ga wanda bai taɓa riƙe jita ba, tsirkiyoyi 6 gare ta, kuma an gitta wa wuyanta 'yan ƙarafa da suka raba shi gaɓa-gaɓa. Kowace gaɓa ka danna akwai muryar da za ta ba ka, daga wannan sai waccan, babu komai a tsakani, kamar mai hawa tsani. To dabarar da nake nufi ita ce makaɗi ya danna tsirkiya, ya kaɗa ta, sannan ya tura ta gefe tana cikin ƙara. Turawar nan tana ƙara mata ɗauri, sai muryar ta tashi a hankali ba tare da yatsa ya bar gabarsa ba. In ya tura kaɗan ta kai muryar gaɓa ɗaya ta gaba, in ya ƙara ta kai ta biyu. Gwanaye ba da yatsa ɗaya suke yi ba. Suna danna wa da yatsa na uku, mai maƙwabtaka da ƙaramin, sauran biyun na bayansa suna tallafa masa, babban yatsa ya rataya a saman wuyan, ƙarfin kuma daga murɗa wuyan hannu yake zuwa, kamar mai buɗe kwado da makulli. Siraran tsirkiyoyi sama ake tura su, masu kauri kuma a jawo su ƙasa don kada su zame daga bakin katako.

Wannan duk waya za ta koya wa yaro a cikin minti goma. Abin da ba za ta koya masa ba shi ne inda muryar za ta tsaya da kuma dalilin tsayawarta. Akwai wani ɗan ƙanwata da ya sayi tsohuwar jita a Katsina, yana tura tsirkiya har yatsunsa suka yi kanta, amma in ka saurara sai ka rantse kyanwa aka taka wa wutsiya. Hannun ya iya, kunnen ne bai san inda za shi ba.

Mu kuwa Hausawa da wannan kunne aka haife mu. Mu marubuta mun fi kowa sanin haka, domin kullum muna fama da shi a takarda. Kai na jiki da kai da ake ce wa namiji, harafi uku ne duka, amma a baki na farko muryar sama take farawa ta zubo ƙasa, na biyu kuwa a sama take tsayawa. Haka man miya, in ka ce “mai” sai ka ji ya zubo, amma mai na mai gida a ƙasa yake kwance. Alƙalamina ba ya iya nuna wannan bambanci, sai dai mai karatu ya gane daga zancen. Tsirkiyar jita tana iya nunawa. Makaɗi ya tura ta tukuna shiru, ya kaɗa, sannan ya sake ta a hankali ta dawo mazauninta, ga zubowar muryar nan ta fito sak.

Shi ke nan abin da mai kalangu yake yi tun kaka da kakanni. Igiyoyin da suka haɗa fuskokin kalangu biyu, in ya matse su fata ta ɗaure murya ta hau, in ya sassauta ta sauko, shi ya sa kalangu ke kiran sunan mutum har da kirarinsa, mahauci na kan aikinsa ya ji ya ɗago kai. Duk wanda ya saurari makaɗan marigayi Alhaji Mamman Shata, ɗan Musawa, wanda ya rasu a 1999, ya san kalanguna ba raka waƙa kawai suke yi ba, amsa masa magana suke yi. Goge kuma ba shi da ƙarafan nan ko ɗaya, yatsa ne ke yawo a kan izga yadda ya ga dama. Ɗan Maraya Jos, da ya rasu a 2015, tsirkiya ɗaya tak ke ga kuntiginsa, ta kuwa ishe shi har ƙarshen rayuwa.

Su ma waɗanda ake kwaikwayo a Amurka ai ba daga littafi suka samo ba. B.B. King, wanda shi ma ya rasu a 2015, ya sha faɗin cewa ɗan uwansa Bukka White yake son kwaikwaya, mai zamar da ƙarfe a kan tsirkiya, da abin ya gagare shi sai ya nemi irin wannan kukan da yatsunsa. Wato abin da kunnensa ya tashi da shi a gida ya bi. To don me yaron Ruma ko na Runka zai haddace kukan mutumin Misisifi, ya bar na garayar maharban garinsu?

Na san za a ce ai fiyano ta gama da wannan zance. Tun ƙarshen shekarun 1990 da waƙoƙin finafinan Kano suka koma kanta, ita ce kalangu, ita ce sarewa, ita ce komai, har tana da ɗan abin murzawa a gefe da ke lanƙwasa murya. Ban musa ba, kuma ni ma ina sauraro. Amma abin murzawar nan bai san nauyi ba, yaro da babba duk ɗaya yake ba su. Tsirkiya kuwa tana gardama da yatsa, kuma a cikin gardamar ne ake gane hannun wane daga hannun wane. Ku dubi Mdou Moctar na Nijar, wanda ya harhaɗa jitarsa ta farko da katako da wayar birkin keke. A Sakkwato ya ɗauki faifansa na farko a 2008, da irin na'urar gyaran murya ta waƙoƙin fim ɗinmu. Amma abin da ya kai shi dandamalin Turai da Amurka hannunsa ne a kan tsirkiya, da salon Buzaye da ya tashi a cikinsa.

Wani kuma zai ce, mutanen da ke kwana da ido ɗaya a bakin Dajin Rugu, ina su ina zancen jita? Wannan ma shi ya sa na ɗauki alƙalami. Shekarun nan na 'yan bindiga ba shanu da hatsi kaɗai suka ci mana ba. A 2020 an kashe mutum 30 a Tsauwa da Dankar cikin dare ɗaya, ƙauyuka da dama suka watse, wasan dare da kiɗan biki suka ja baya. Mai garaya ko mai goge da ya yi gudun hijira zuwa cikin Batsari ko Katsina, neman abin sa wa a baki ne a gabansa, ɗansa kuma acaɓa yake yi ko cajin waya. Kiɗan nan ba a rubuce yake ba, a yatsu yake. Ni littafina ko na mutu ana iya tsintar kwafinsa a wajen masu sayar da littattafai a kasuwar Sabon Gari, amma tsohon nan in ya kwanta dama ya tafi da nasa.

Don haka shawarata ga mai jita ba ta da tsada. In jitarka ta katako ce marar lantarki, wadda yawanci tsirkiyoyinta masu lamba 12 ne, nemi masu lamba 10 ka sauya, yatsa zai samu sauƙi. Ta roba kuwa kada ka wahalar da kanka, ba ta tashi sosai. Kafin ka tura, fara danna gaɓa biyu gaba ka ji muryar da kake nema, ka dawo ka tura har ta yi daidai da ita. In hannu ya faɗa, ka kashe wayar, ka sayi goro ka je wajen mai kalangun unguwarku, ka ce, “Baba, kira mini sunana da kiɗa.” Ka zauna nan da jitarka kana maimaitawa, har ranar da zai ce ya ji sunan.