Ga masu sassarfa: Lafawar ciwo daban, warkewa daban

 

Duk wanda ya saba fita da sassafe a manyan garuruwanmu ya san cewa sassarfa ta daina zama sha'anin sojoji da 'yan ƙwallo kaɗai. Ranar Asabar, da an idar da sallar Asuba, za ka tarar da magidanta a filin sukuwa na Kano ko dandalin Murtala na Kaduna: ma'aikata da 'yan kasuwa da malaman makaranta, har da iyaye mata masu tafiyar sauri cikin hijabi. Akasarinsu babu mai neman kofi. Likita ne ya gaya musu hawan jini ya yi sallama, ko sukari ya fara hauhawa, ko kuma tumbi ya fara riga su shiga ɗaki.

Na yi shekaru a cikin wannan ayari, kuma na lura cewa yana zubar da mutane a hanya. Kaɗan ne kasala ke cirewa. Mafi yawa ciwo guda ne ke korar su, mai tafiya ya dawo, a tsokar bayan cinya, ko a sharaɓa, ko a agara. Karo na farko mutum ya huta mako ɗaya. Karo na biyu ya huta wata. A na uku sai ya rataye takalmi, ya yanke hukuncin cewa gudu na yara ne. Wannan hukunci nake so mu sake dubawa, domin hawan jinin da ya fito da shi daga gida yana nan bai je ko'ina ba.

Mu fara da harshenmu. Bahaushe na kiran abubuwa uku da suna ɗaya. Hanyar da jini ke bi jijiya ce, zaren da ke kai saƙo daga ƙwaƙwalwa jijiya ne, igiyar da ke ɗaure tsoka da ƙashi ita ma jijiya ce. Saboda haka idan mutum ya ce yana ciwon jijiya, bai gaya wa kowa komai ba tukuna. Abin da ya fi samun mai gudu shi ne yagewar zaren tsoka, galibi a daidai mahaɗarta da igiyar nan. Likitoci sun kasa shi mataki uku. A na farko zare kaɗan ne suka tsinke, mutum na iya tafiya, kuma yakan ɗauki mako ɗaya zuwa uku. A na biyu wani sashe na tsokar ya yage, ana ɗingishi, wani lokaci jini ya taru a ƙarƙashin fata, kuma ana maganar wata ɗaya zuwa biyu. A na uku tsokar ta tsinke gaba ɗaya, aikin ya zama na watanni, wani lokaci har da tiyata.

Wannan daban yake da tsamin jiki da ke biyo bayan aikin da ba a saba ba. Tsami yakan taso washegari, ya kai ƙololuwa a kwana na biyu ko na uku, ya game ƙafafu duka biyu, sannan ya baje da kansa. Yagewa kuwa tana zuwa ne a lokaci guda, a wuri guda, har mutum na iya ɗora yatsa ya ce ga inda abin yake.

To me ya sa ciwon ke dawowa? Saboda zafi yana riga rauni tafiya. Idan tsoka ta yage, jiki yakan cike gurbin da tabo, kamar yadda tela ke yi wa riga faci. A farko facin nan ba shi da ƙarfi kuma ba ya miƙewa kamar asalin yadin. Kumburi da raɗaɗi na lafawa cikin kwanaki, amma kafin tabon ya yi ƙwari ya jeru da sauran zaren, sai an yi makonni, wani lokaci watanni. A tsakanin nan kuma tsokar da aka daina mora tana ramewa. Sai mutum ya tashi wata safiya ya ji garau, ya koma fili da saurin da ya bari, ya ɗora wa facin nauyin da lafiyayyen yadi ma da ƙyar ya ɗauka. Shi ya sa yawancin maimaicin ke faruwa a makonnin farko na komawa, kuma a daidai wurin da aka ji ciwon farko. Babu abin da ke nuna za a ji wannan rauni gobe kamar an taɓa jin sa jiya.

Shekaru ma suna da nasu rabo. Daga wajen shekara 30 tsoka ke fara raguwa a hankali ga wanda ba ya ba ta aiki. Ga kuma wani tarko: zuciya da huhu suna saba wa gudu cikin makonni, amma agara da ƙashi sai sun ɗauki watanni. Bayan wata biyu mutum zai ji numfashinsa ya daidaita, ya ɗauka ƙafa ma ta shirya, alhali ita tana baya. Kada kuma wanda abin ya sama ya ga kamar gazawarsa ce. Usain Bolt na Jamaika, wanda ba a taɓa samun mai saurinsa a tseren mita 100 ba, tsokar bayan cinya ce ta kayar da shi a tserensa na bankwana a Landan cikin Agustan 2017, yana da shekara 30, ga likitoci da masu horo kewaye da shi.

Inda na fi jin tsoro shi ne hanyar da muke bi idan ciwon ya zo. Mutum ya tsaya a kemis ya ce a haɗa masa maganin ciwon jiki, a ƙulle masa ƙwayoyi huɗu ko biyar waɗanda bai san sunan ko ɗaya ba. A cikinsu da wuya a rasa daikulofenak ko ibufurofen, wani lokaci duka biyun. Waɗannan magunguna suna da amfaninsu idan likita ya ba da su na 'yan kwanaki. Amma suna rage jinin da ke isa ƙoda, suna cin bangon ciki, kuma suna iya ɗaga hawan jini. Ka haɗa wannan da gudu a bazara, lokacin da zafin Kano ko Sakkwato ke haura digiri 40, jiki ya zubar da ruwa, mai gudun kuma dama yana shan maganin hawan jini. Garin gyaran gira ke nan a rasa ido. Taramadol kuwa, mun ga abin da ta yi wa matasanmu, ba sai na tsawaita ba. Hausawa sun ce jiki magayi. Wanda ya haɗiyi ƙwaya don ya iya fita gudu ya toshe bakin mai gaya masa gaskiya ne, raunin kuma yana ci gaba da faɗi a ɓoye.

Akwai wani magani da ya kamata kowane mai sassarfa ya sani, wato sifrofuloksasin, wanda ake yawan sha a ƙasar nan da sunan maganin taifod. Tun 2008 hukumar kula da magunguna ta Amurka ta sa aka rubuta gargaɗi mafi tsanani a kan kwalinsa da na danginsa, cewa suna iya jawo kumburi ko tsinkewar agara, musamman ga wanda ya haura shekara 60. Wanda aka rubuta wa shi ya gaya wa likita cewa yana gudu, ya kuma sassauta har ya gama.

Hanya ta biyu da muke bi ita ce gashi da ruwan zafi da murza da man zafi tun ranar farko, ko a kai wa mai ɗori ya ja ƙafar. Ina girmama masu wannan sana'a, amma tsoka ba ƙashi ba ce, babu abin da ya goce balle a mayar. A kwana biyu zuwa uku na farko wurin yana zubar da jini a ciki, zafi da murza kuma ƙara zubar suke yi. Abin da ake so a lokacin shi ne a daina gudu, a naɗe wurin da bandeji ba tare da matsewa ba, a riƙa ɗaga ƙafar. Ƙanƙara a cikin tsumma na minti goma tana rage raɗaɗi, iyakar aikinta ke nan. Dakta Gabe Mirkin, likitan Amurka da ya yaɗa ƙa'idar hutu da ƙanƙara a 1978, da kansa ya fito a 2014 ya ce yawan ƙanƙara da cikakken hutu na iya jinkirta warkewa. Bayan kwanakin farko, motsi a hankali shi ne ke koya wa tabo yadda zai jeru.

A nan ne mafi yawanmu ke tsallake babi guda, wato gina ƙarfi. Hutu yana kwantar da ciwo, amma ba ya ƙara wa tsoka ko ƙwayar zarra ta ƙarfi. Hukumar Lafiya ta Duniya, a shawarwarinta na 2020, ta ce baligi na buƙatar minti 150 zuwa 300 na matsakaicin motsa jiki a mako, ko 75 zuwa 150 na mai tsanani, sannan ta ƙara da atisayen ƙarfafa tsoka aƙalla kwana biyu a mako. Mun riƙe rabin farko, mun yar da na biyu.

Atisaye biyu zan ambata, kuma babu wanda ke buƙatar kobo. Na farko na bayan cinya ne. Ka durƙusa a kan abu mai taushi, wani ya danne maka idon sawu, ka riƙa tafiya gaba a hankali, jikinka a miƙe daga gwiwa zuwa kai, kana riƙe kanka da tsokar bayan cinya har ka tari ƙasa da tafin hannu. A wani bincike da aka buga a 2011 a kan 'yan ƙwallo 942 a Denmak, rukunin da ya yi wannan atisaye ya samu rauni 15, wanda bai yi ba ya samu 52. Na biyu na sharaɓa da agara ne. Ka tsaya a bakin dakali da gaban ƙafa, ka ɗaga kanka sama, sannan ka sauke diddigen ƙafar mai ciwo a hankali har ya wuce bakin dakalin. Wani likita a Suwidin mai suna Alfredson ya gwada wannan a 1998 a kan mutum 15 masu daɗaɗɗen ciwon agara, waɗanda matsakaicin shekarunsu ya haura 40. Bayan mako 12 dukkansu sun koma gudu. Adadin kaɗan ne, amma hanyar ta samu karɓuwa a duniya. Sai dai a kula, ba a fara ko ɗaya daga cikinsu a kan ɗanyen rauni. Sai tafiya ta daina ciwo, kuma a fara da kaɗan.

Ga ma'aunin da nake bi kafin komawa fili. In iya tafiyar sauri ta minti 30 ba tare da ɗingishi ba. In iya ɗaga kaina a kan ƙafa mai ciwo sau adadin da lafiyayyiyar ke yi. In iya ɗan tsalle a kanta babu tsoro. Idan waɗannan sun samu, sai in fara da gudun minti ɗaya, tafiyar minti biyu, yau a yi gobe a huta. Alƙalin kuwa ita ce safiyar washegari: idan na tashi ciwon ya fi na jiya, na yi yawa ke nan, sai in koma baya taki ɗaya. Nisa ake fara ƙarawa, sauri da hawan tudu su ne na ƙarshe, kuma ba a ƙara biyu a mako guda. Sannu ba ta hana zuwa.

Sauran ƙananan abubuwa ne masu taruwa su zama babba. A hunturu tsoka na buƙatar tafiyar minti goma kafin a fara gudu. A watan azumi gara a rage, a mayar da shi bayan buɗa-baki. Takalmin gudu yakan gaji bayan kilomita 500 zuwa 800, na gwanjo kuwa babu wanda ya san nawa ya ci kafin ya iso hannunka, don haka a duba ƙasansa da kyau. Tsoka kuma da barci take gyaruwa, da abinci irin su wake da ƙwai da kifi da nono.

Akwai kuma alamun da ba a yi musu haƙuri. Idan ka ji ƙara a bayan diddige kamar an jefe ka da dutse, ka kasa tsayawa a kan yatsu, mai yiwuwa agara ce ta tsinke. Idan sharaɓa ɗaya ta kumbura ta yi zafi ba tare da wani dalili ba, musamman bayan doguwar tafiya a mota ko jirgi, yana iya zama daskarewar jini, kuma murza ta haɗari ne ga rai. Idan ciwo na taso wa daga baya ya gangaro ƙafa da sagewa, matsalar a gadon baya take. Idan fitsari ya koma kalar baƙin shayi bayan gudu mai tsanani, ƙoda na cikin haɗari. Idan ciwon a kan ƙashin ƙwauri yake a wuri guda, yana ƙaruwa kullum, ana iya samun tsaga. Ciwon ƙirji kuwa ba ya jiran gobe. Haka nan raunin da ya dawo sau biyu ya cancanci likitan gashin ƙashi ya gani, kuma akwai su a asibitocin koyarwa da asibitin ƙashi na Dala.

Ba a raina ƙaddara, amma raunin da ya zo sau uku a wuri ɗaya ya wuce a kira shi tsautsayi. Saƙo ne da aka aiko ba a karanta ba. Magidancin da ya fara sassarfa yana da shekara 45 burinsa ya kai 65 yana fita da ƙafarsa, kuma mako shida da zai ba tsokarsa ta yi ƙwari ba komai ba ne a cikin shekara 20.

Allah Ya ƙara mana lafiya. Sai mako mai zuwa, idan Mai duka Ya kai mu.