Eriya a kan rufi: inda haɗarin yake da inda ake zaton yake

Wanda duk ya bi hanyar Zariya daga Kano, ya ratsa Kura ya nufi Kadawa, ko ya karkata zuwa Bunkure, zai ga wani sabon abu ya fara tsiro a saman gidaje da shaguna da injinan casar shinkafa. Dogayen bututun ƙarfe ne, kowanne ɗauke da ɗan farantin eriya ko akwatin Wi-Fi a ƙolinsa. Abin farin ciki ne, domin alama ce ta cewa yankin da ke ciyar da Kano da shinkafa da tumatir da alkama ya shiga harkar zamani da ƙafar dama. Sai dai yadda ake kafa waɗannan turaku ya isa a tsaya a yi magana a kai, tun kafin mu fara zaman makoki.

Dalilin yawaitarsu ba ɓoyayye ba ne. Tun da aka kammala madatsar ruwa ta Tiga a 1974, aikin da aka faro zamanin Gwamna Audu Baƙo, ruwa ke bin magudanai yana shayar da dubban kadada a Kura da Bunkure da Garun Malam, rani da damina. Inda noma ya kankama kuwa ciniki na biye da shi. Dillalin tumatir a Kwanar Gafan yana son jin farashin Legas kafin mota ta tashi, mai casa a Kura yana jiran shigar kuɗi a waya kafin ya saki buhu. Ƙarancin takardun Naira a farkon 2023 ya koya wa kowa cewa idan sabis ya ɗauke, kasuwa ta tashi. A watan Janairun shekarar ne kuma Starlink ta fara aiki a Najeriya, ƙasa ta farko a Afirka. Daga nan matasa masu kaifin basira suka gane cewa ana iya ɗauko intanet daga wuri ɗaya a harba shi zuwa wani da ƙananan eriyoyi, muddin suna hangen juna. Shi ya sa kowa ke neman tsawo.

Idan aka kafa irin wannan turke a unguwa, ƙorafin farko da ake ji daga maƙwabta shi ne na tururin da ake cewa eriya na fitarwa, wai yana jawo ciwon daji ko rashin haihuwa. Wannan tsoro ya samu gindin zama tun jita-jitar 5G ta shekarar 2020. Amma Hukumar Lafiya ta Duniya ta daɗe da bayyana cewa ba a samu gamsasshiyar hujjar da ke nuna raunanan siginonin Wi-Fi da na turakun waya suna cutar da lafiyar jama'a ba. Ƙarfin da ƙaramar eriya ke fitarwa bai kai na ƙwan fitila ɗaya ba, kuma yana raguwa da sauri da zarar an ɗan nisanta. Abin da masana ke gargaɗi a kai kawai shi ne kada mai aiki ya tsaya dab da fuskar faranti alhali yana kunne. Abubuwan da ke kashe mutum nan take guda uku ne, kuma ba a cika tada jijiyar wuya a kansu ba: wayar lantarki, tsawa, da faɗowa.

Mu fara da wayar lantarki. Bututun ruwa na ƙarfe da aka fi amfani da shi tsawonsa mita shida ne, wasu ma sukan haɗa biyu. Layin da ke kai wuta taransifoma yana ɗauke da bolt 11,000, wani ma 33,000, alhali wutar cikin gida bolt 230 ce. Ke nan ƙaramin cikinsu ya ninka ta gida kusan sau hamsin. Irin wannan wuta ba ta jiran a taɓa ta. Idan ƙarfe ya matso kusa ainun, sai ta tsallako ta iska. Samari biyu ko uku na ɗaga bututu daga ƙasa, iska ta ɗan kaɗa, ƙarshensa ya karkata, shi ke nan. A yankin noman rani abin ya fi muni, domin ƙasa a jiƙe take, mutane kuma sau da yawa ba takalmi, sai jikin mutum ya zama hanya mafi sauƙi da wutar za ta bi. Ƙa'idar da masu sana'ar suka yarda da ita a ko'ina ita ce a bar tazarar da ta ninka tsawon turken sau biyu tsakaninsa da layin wuta. Kada kuma a dogara da cewa an ɗauke wuta, domin KEDCO ba ta sallama kafin ta dawo da ita. Idan babu makawa sai an yi aiki kusa da layi, a je ofishinsu a nemi a kashe shi a hukumance.

Sai tsawa. Ƙasar Kura da Bunkure shimfiɗaɗɗiya ce, fadamun shinkafa iya ganinka, dogayen bishiyoyi kuma sun yi ƙaranci a cikin filayen ban-ruwa. Wanda ya kafa ƙarfe mai mita goma sha biyu a kan ɗakin ajiya a tsakiyar gona ya zama shi ne mafi tsawo a wurin, kuma tsawa ta fi faɗa wa abin da ya fi tsawo. Tun ƙarni na 18 Benjamin Franklin na Amurka ya nuna maganin wannan: a ba wutar hanyar da za ta bi ta shige ƙasa. A aikace, ana ɗaure kakkaurar wayar jan ƙarfe a jikin turken, a sauko da ita kai tsaye ba lanƙwashe-lanƙwashe, a haɗa ta da sandar jan ƙarfe da aka kafa can cikin ƙasa. A nan danshin ƙasar yankin ya zama alheri, domin jiƙaƙƙiyar ƙasa ta fi karɓar wuta. Haka kuma wayar da ke saukowa daga eriya zuwa cikin ɗaki tana bukatar na'urar tare ƙarfin wuta a daidai inda ta shiga gini. In babu ita, ko tsawar da ta faɗi a can gefe tana iya bin wayar ta ƙone kwamfuta da inbata da batiran sola, ta kuma jikkata wanda ke riƙe da waya a caji. Kuɗin wannan kariya bai kai na eriyar ba, amma shi ake fara sokewa idan ana neman ragi. Araha dai ba ta ado.

Na uku shi ne faɗowa, ta mutum ko ta turken kansa. Iskar farkon damina da ke yaye kwanon rufi ba za ta raga wa bututun da aka ɗaure da wayar shanya a jikin katangar ƙasa ba. Turke mai tsawo yana bukatar gindin siminti da wayoyin ɗauri ta kusurwa uku aƙalla, a riƙa duba su kowace shekara kafin ruwa ya sauka, saboda tsatsa. Mai hawa kuma ya sa ɗamarar tsaro da hular kwano, ya samu mai riƙe masa tsani, ya haƙura da aiki idan hadari ya haɗo. Akwai kuma ladabin da magina na da suka sani, wanda yaran yanzu ke neman mantawa: ba a hawa sama sai an sanar da maƙwabta, domin matan cikin gida su kimtsa.

Ta ɓangaren doka, ba a bar wannan fage haka sakaka ba. Dokar Sadarwa ta 2003 ta ɗora wa Hukumar NCC alhakin tantance duk na'urar sadarwa kafin a sayar da ita ko a yi aiki da ita a ƙasar nan. Hukumar ta sha yin gargaɗi kan na'urorin ƙara ƙarfin sabis da ake sayarwa a kasuwa ba da izini ba, domin mai gida ɗaya yana gyara nasa sabis ɗin ne ta hanyar dagula na unguwa baki ɗaya. Haka nan raba Wi-Fi tsakanin iyali daban yake da sayar da intanet ga jama'a, wanda sana'a ce mai bukatar lasisi. Game da manyan turaku, NCC ta fitar da ƙa'idojinta a 2009, Hukumar NESREA mai kula da muhalli ta fitar da nata a 2011, har aka yi ta taƙaddama kan tazarar da za a bari tsakanin turke da gidan zama, ɗaya na cewa mita biyar, ɗaya na cewa goma. An rubuta waɗannan ne domin kamfanonin waya, amma hikimar cikinsu ta shafi kowa: idan turkenka ya faɗi, kada ya faɗa kan ɗakin wani. Sannan gefen magudanan ruwa da hanyoyin da ke bin su suna ƙarƙashin Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are. Ta nan motocin yashe magudana ke bi, don haka kafa turke ko ratsa waya a wurin ba da izini ba shiga haƙƙin dubban manoma ne.

Wani zai ce yawan ƙa'ida zai kashe wa matasa sana'a, ya mayar da ƙauye cikin duhu. Akwai ƙamshin gaskiya a nan, domin yaron da ke haɗa wa shaguna biyar intanet a Bunkure ba zai iya zaryar Abuja neman takarda ba, kuma in aka matsa masa sai ya koma aiki a ɓoye, inda haɗarin ya fi yawa. Abin da ya dace shi ne hukuma ta sauko ta same shi. Ofishin NCC na shiyya da ke Kano zai iya haɗa kai da ƙananan hukumomin Kura da Bunkure da Garun Malam a shirya horon kwana biyu ko uku da Hausa, a ba wanda ya kammala shaidar da zai nuna wa mai ba shi aiki. Ƙungiyoyin masu amfani da ruwa, waɗanda ke da wakilai a sassan filayen, da ƙungiyoyin masu casar shinkafa, za su iya yanke cewa ba wanda zai hau rufin ɗan ƙungiya sai mai wannan shaida. Dagatai da limamai kuwa, kalma ɗaya daga bakinsu ta fi takardar sanarwa goma tasiri.

Kai kuma mai gida ko mai shago, kafin ka biya kuɗin aiki, tambayi mai kafawa ina wayar ƙasa take, nawa ne tazarar turken da layin wuta, me zai riƙe shi idan iska ta taso, kuma na'urar tana da amincewar NCC ko babu. Wanda ya kasa amsa waɗannan, ka sallame shi cikin mutunci ka nemi wani. Ranar da abu ya faru, kai ne za ka tsaya gaban iyayen yaron da ya hau rufinka, kuma kai ne hukuma za ta fara nema. In kunne ya ji, jiki ya tsira. Allah Ya tsare mu, Ya ba manomanmu damina mai albarka.