RA'AYINMU: Me Za Mu Kafa A Tsakiyar Gari?

A zamanin nan da zarar gari ya sami sabuwar kwalta, sai a yi masa shataletale, a kira ɗan kwangila a ce ya kafa wani abu a tsakiya. Galibi ba a tambayi malamai ba, ba a tambayi magina ba, balle talakan da zai riƙa kewaya abin safe da yamma. Muna ganin lokaci ya yi da ƙananan hukumomi huɗu na masarautar Gumel, wato Gumel da Maigatari da Gagarawa da Sule Tankarkar, za su yi wa wannan al'amari tunani tun kafin a zuba siminti.

Wanda ke tsammanin wannan ƙaramar magana ce, ya dubi Kano. A 2017 aka gina wata hasumiya a shataletalen gidan gwamnati don tunawa da cikar jihar shekara 50. A watan Yuni na 2023 wata gwamnatin ta sa aka rushe ta. Ko wane ne ke da gaskiya, dukiyar jama'a ce ta koma ɓaraguzai. Abin da aka kafa ba da shawara ba, ba shi da mai kare shi ranar da mulki ya sauya hannu.

A Ikko, Ben Enwonwu ya ƙera siffar Sango a 1964, ta zama abin alfaharin birnin. Amma kowane tsuntsu kukan gidansu yake yi. Malamanmu sun hana sassaƙa siffar mai rai, kuma ba mu kira a saɓa musu ba. Kuskuren da wasu 'yan boko ke yi shi ne zaton cewa in an cire mutum-mutumi, to, ba sauran fasaha. Ashe sun manta da Babban Gwani Muhammadu Durugu, wanda ya gina masallacin Juma'a na Zariya da laka a ƙarni na 19? Sun manta da zankwaye da zanen dagi a fuskar zaure, da ƙira da jima da sassaƙar ƙwarya?

Ƙasar Lautai ba ta rasa abin nunawa ba. Wajen 1750 Dan Juma da jama'arsa Mangawa suka kafa sarautar, a 1845 kuma aka dawo da gadon mulki daga Tumbi zuwa Gumel. Yara nawa ne a makarantunmu suka san haka? Ginshiƙi guda mai rubutun boko da ajami zai koya musu. Maigatari, wadda kasuwarta ta dabbobi ke tara fatake daga Nijar kowace Alhamis, sirdi da likkafa da akala sun ishe ta alama. Gagarawa tana kan hanyar jirgin ƙasa da ta isa Nguru a 1930. Sule Tankarkar kuwa, rumbu da damin gero sun fi kowane gumaka faɗin ko ita wace ce.

Saboda haka muna ba da shawara uku. Na ɗaya, kada a kafa kome a dandali sai an zauna da fada da malamai da masu sana'a. Na biyu, a ba maƙera da magina na gida aikin, tare da ɗaliban Kwalejin Ilimi ta Gumel da na sashen zane-zane na Jami'ar Ahmadu Bello. Na uku, a bayyana kuɗin a fili, a kuma ware na gyara, gama ado marar kulawa kunya ne.

Ya ku 'yan'uwa ɗalibai da matasan ma'aikata, gobe takardun irin wannan kwangila a kan teburinku za su sauka. Kafin ku sa hannu, ku tambayi kanku ko jikokinku za su tsaya su karanta abin, ko kuwa za su tarar da kango. Allah ya sa mu dace.