A Fito da Mai Dabo Daga Cikin Riga

Shekara da shekaru ke nan ƙungiyoyin wasan kwaikwayo na jami'o'inmu suna tara mu a babban ɗakin taro su nuna mana auren dole, ko malamin tsibbu mai cin kuɗin mata, ko baƙauyen da ya shigo birni ya kasa tsallake titi. Mu yi dariya, mu tafa, mu watse. Alhali kuwa a cikin masu tafin nan akwai 'yan Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa waɗanda ba su kama hanyar gida lokacin hutu sai sun tambayi labarin hanyar tukuna. A daren Juma'a, 11 ga Disamba 2020, 'yan bindiga suka shiga Makarantar Sakandaren Kimiyya ta Gwamnati da ke Ƙanƙara, suka kora yara cikin daji kamar garke. Waɗanda aka sako bayan kwana shida, bisa lissafin gwamnatin jiha, su 344 ne. A 2021 aka rufe hanyar Ƙanƙara zuwa Sheme, aka hana cinikin shanu a kasuwannin yankin, aka kuma yanke layukan waya a ƙananan hukumomi 13, har da ukun nan. To, wa ya taɓa ganin wannan a bisa dandalinmu?

Shawararmu ɗaya ce, kuma mun san za a yi mata dariya. A ɗauko Ƙarshen Alewa Ƙasa na Bature Gagare, a mai da shi wasan kwaikwayo, a kuma yi wasan da 'ya'yan dabo.

Littafin ya fito a 1982, yana cikin waɗanda suka yi nasara a gasar da Sashen Al'adu na Gwamnatin Tarayya ya shirya, tare da Turmin Danya na Sulaiman Ibrahim Katsina. Labarin Mailoma ne, Bamaguje daga ƙauyen Tsaunin Gwano, wanda ya tara gungun mutane, ciki har da tsofaffin sojojin da yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970 ya koya wa harbi, suka mai da bindiga sana'a. Wani zai ce ai wannan ba littafin yaƙi ba ne, littafin bayan yaƙi ne, in yaƙi ake so a ɗauko Ganɗoki na Bello Kagara. Mun ji. Amma yaƙin Ganɗoki yaƙi ne mai daɗin sauraro, domin abokin gaba Nasara ne, mu kuwa jarumai, kowa ya koma gida yana hura hanci. Yaƙin da Gagare ya rubuta shi ne wanda ake cewa ya ƙare alhali bindigogin suna hannun mutane, kuma mai kashewa da wanda ake kashewa kasuwa ɗaya suke ci. Mutumin Faskari ba ya bukatar a fassara masa wannan.

Mai da ƙagaggen labari wasa kuwa ba baƙon abu ba ne gare mu. Umaru Ladan da Dexter Lyndersay sun yi wa Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa haka, aka buga wasan a 1975. Inda gardama take shi ne maganar dabo.

A shekarar da littafin Gagare ya fito, watau 1982, a ita ce wani marubucin Ingila, Michael Morpurgo, ya fitar da War Horse, ma'ana Dokin Yaƙi. Labarin wani doki ne mai suna Joey da aka sayar wa sojan Ingila a farkon Yaƙin Duniya na Ɗaya, ya faɗa hannun Jamusawa, ya ja kekunan majinyata da igwa, ya ga mutuwa ta kowane ɓangare. A 2007 babban gidan wasan kwaikwayo na ƙasa da ke Landan ya ɗora labarin a dandali. Doki na gaske ba ya bin umarnin mai shirya wasa, saboda haka aka nemi wani kamfanin masu dabo na Afirka ta Kudu, Handspring, suka ƙera dawaki da lanƙwasassun sanduna da ƙyalle. Mutum uku ke riƙe da kowane babban doki, ɗaya a kai, ɗaya a ƙirji, ɗaya a ƙugu, kuma 'yan kallo suna ganinsu ƙuru-ƙuru. Duk da haka manyan mutane suka riƙa share hawaye saboda tarin sanduna.

Kada wani ya yi saurin cewa ga 'yan boko za su sake kwaikwayon Turawa. Dabo-dabo sana'ar Hausawa ce tun kafin a haifi kakannin masu wannan magana. Mai dabo yakan kafa sanduna ya lulluɓa babbar riga ko mayafi, ya shige ciki, ya riƙa fito da 'yan mutanensa ta sama yana sauya musu murya, makaɗi na waje yana amsa musu. A Damagaram ɗiyan dabo ake ce musu, Barebari kuma suna da nasu. Tibabe sun riƙe nasu wasan, Kwagh-hir, da hannu biyu, har hukumar UNESCO ta sa shi cikin gadon al'adun duniya a 2019. Mu kuwa muka bar namu ya zama abin da ɗalibi yake karantawa don jarrabawa. Su kansu mutanen Handspring, kafin su ƙera dokin Landan, sai da suka yi aiki da ƙungiyar Sogolon ta Yaya Kulibali a ƙasar Mali, suka ƙera raƙumin dawa. Ashe kayan gida ne ya zaga ya dawo da hular baƙo.

Ga dalilin da ya sa muka nace. A sa ɗalibi ya fito da malafa da sanda yana riƙe da bindiga, kafin ya buɗe baki rabin ɗakin sun ce "Fulani ne." A sa wani ya fito da layu da adda irin na 'yan sa-kai yana ƙona ruga, sauran rabin su ce "Hausawa ne." Wasan ya ƙare ke nan tun ba a fara ba, kowa ya tafi da ƙiyayyar da ya zo da ita, har da ƙari. Littafin kansa yana da wannan tarko, domin da zarar an ce Mailoma Bamaguje ne, mai sauraro ya sami mafita, ya ce ai dama ba namu ba ne. Ɗan dabon da aka yi da kara da tsumma da ɓarin ƙwarya ba shi da tsagar gado, ba shi da karin harshen wani gari, ba shi da gidan uba. Ba a kuma tare shi a hanyar Sabuwa a tambaye shi dalilin abin da ya faɗa jiya.

Akwai kuma abin da ya fi wannan nauyi. A 1997 waɗannan mutanen na Handspring, tare da William Kentridge da Jane Taylor, suka shirya wasa kan Hukumar Gaskiya da Sulhu ta Afirka ta Kudu. Da aka zo kan shaidar waɗanda aka kashe wa 'ya'ya da mazaje zamanin wariyar launin fata, 'ya'yan dabo aka ba maganar. Mu ma tilas mu tambayi kanmu: wace ɗaliba ce, wadda ta ci ta ƙoshi a ɗakin cin abinci, za ta tsaya gaban matar da aka sayar da gonarsu don biyan kuɗin fansa, ta yi mata kukan ƙarya? Wannan cin fuska ne. 'Yar dabo ba ta da'awar ita ce matar, kowa ya san kara ce. Saboda haka ita tana iya ɗaukar maganar ba tare da ta sace ta ba.

Amma a wuri ɗaya za mu saɓa wa mai dabon gargajiya. Shi ɓuya yake yi cikin riga, don a zaci 'yan mutanen da kansu suke motsi. Mu so muke a fito da shi fili. Idan ɗan dabon da ke riƙe da bindiga ya ɗaga hannu, 'yan kallo su ga hannun da ya ɗaga shi. Su ga mai riƙe da kan yana sanye da rigar dillalin da ke sayen shanun sata a arha, mai riƙe da ƙugun kuwa maƙwabci ne da ke kai rahoton wanda ya sayar da hatsi ranar kasuwa. Su ga mai kai man fetur da burodi daji, da mai fataucin harsashi wanda bai taɓa kwana a dajin Rugu ba, yana kwance cikin sanyin fanka a birni. Duk mutumin yankin nan ya san yaron da ke harbi ba shi kaɗai yake ci ba, amma faɗin haka da baki a bainar jama'a yana iya jawo wa mutum kwanan kabari. Dabo yana nuna shi ba tare da an ambaci sunan kowa ba. An yi sulhu a 2019 ya warware, an sake zaman sulhu a 2025, kuma a irin zaman nan masu ɗauke da bindiga ake gani, masu riƙe da sandunansu ba su zuwa.

Lalle sai an yi wa littafin tiyata, da izinin masu haƙƙinsa. Yana da tsawo, jini ya yi yawa a cikinsa, kuma bai san babur da wayar hannu ba. Muna ma ganin a ƙara masa saniya guda, mutum biyu su riƙe ta, ta fita daga hannun makiyayi zuwa ɓarawo, zuwa dillali, zuwa mahauci, yadda dokin can ya ratsa rundunoni. Masu tsoron taɓa littafi su tuna cewa a littafin Morpurgo dokin ne ke ba da labari da bakinsa, a dandali kuwa aka hana shi magana sam, kuma wasan bai mutu ba.

Wasu 'yan'uwa za su kawo maganar hanin yin mutum-mutumi. Magana ce ta gaske, ba kuwa mu ne masu fatawa ba. Sai dai malaman Malikiyya sun bambanta siffa mai cikakkun gaɓoɓi da wadda ba ta cika ba, sun kuma yi rangwame kan 'yar tsana, bisa hadisin da ya nuna Nana A'isha, Allah Ya ƙara mata yarda, tana da 'yan tsana har da doki mai fukafukai. A kai zanen 'ya'yan dabon gaban malamai kafin a yanka kara ko ɗaya. Fuskar da ba ido ba baki ma ita ta fi dacewa da abin da muke nufi.

Masu cewa ana zaman makoki ba a wasa kuwa, su ne muka fi jin haushi, domin su ne ke cika ɗaki ranar wasan baƙauye. A ƙarshen shekarun 1970 malamai da ɗaliban Jami'ar Ahmadu Bello sun bar gidan wasansu na jar ƙasa da ke Samaru, suka tafi Soba da Maska suka shirya wasa da manoma kan matsalolin manoma. Maska nan take kusa da Funtuwa, ba wata uwa duniya ba. Ba mu ce a kwashi ɗalibai a kai su bakin daji ba. A fara a harabar jami'a, a gayyato waɗanda suka baro ƙauyukansu suka rakuɓe a Funtuwa da Katsina, a zaunar da su a layin gaba inda aka saba ajiye manyan baƙi, in an gama a tambaye su inda muka yi ƙarya, a gyara.

Kayan aikin duka ba su kai kuɗin lemo da kaji na liyafar ƙarshen shekara ba: kara, ƙwarya, tsumma, zare, da makaɗin kalangu ɗaya. Abin da ya fi wuya shi ne samo tsohon mai dabo da zai koya wa 'yan wasanmu yadda ake sa kara ya yi numfashi. Muna kira ga kwamitin al'adu na ƙungiyar ɗalibai ya sa wannan a kasafin bana, ya kuma tura mutum biyu neman mai dabon kafin hutun ƙarshen zango.