Kuɗin Tiyata: Kada Waya Ta Zaɓa Mana Wanda Za Mu Taimaka

Da wuya mako ya wuce ba mu ga saƙo a WhatsApp na ikilisiya ba: hoton mara lafiya a kan gadon asibiti, lambar asusun banki a ƙasa, da roƙon a taimaka za a yi masa aiki. Muna godiya ga Allah domin hannuwan da ke miƙewa. An ceci rayuka ta wannan hanya. Amma akwai abin da ya dame mu, kuma gara mu faɗe shi a gaban dattawa.

Matsalar ba tamu kaɗai ba ce. A 2015 kwamitin masana na mujallar likitoci ta Lancet ya ƙiyasta cewa mutum biliyan 5 a duniya ba su iya samun tiyata mai inganci da kuɗin da za su iya biya. A Nijeriya, fiye da kashi 70 cikin ɗari na abin da ake kashewa kan lafiya daga aljihun iyali yake fitowa. Shi ya sa idan likita a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ya rubuta kuɗin aiki, sai a fara duba akuya ko keken ɗinki da za a sayar.

To, wane ne roƙon waya yake amfana? Wanda ke da ɗa a Abuja ko Legas, wanda ke da abokai ma'aikata, wanda ya iya tsara magana da Turanci. Shi cikin kwana uku an haɗa masa. Gwauruwar da ke zama a bencin baya, wadda wayarta ba ta ɗaukar hoto, ko ɗan'uwa daga ƙaramar majami'ar ƙauye, wa zai yaɗa nasu? Ga kuma matar da ke fama da yoyon fitsari, wadda za ta gwammace ta zauna da ciwonta a ɗaki da a yi yawo da hotonta. Ba mu da ikon sa mutum ya sayar da mutuncinsa kafin mu taimake shi.

A Amurka wata ƙungiya mai suna Watsi (sunan wani gari ne a Kosta Rika, ba watsin Hausa ba) ta fara tara kuɗin jinya ta intanet a 2012. Abin koyi a wurinta shi ne sai mara lafiya ya yarda kafin a sa labarinsa, kuma asibiti ake biya kai tsaye. Manzo Bulus ma, da yake tara gudummawa domin matalautan Urushalima, bai riƙe kuɗin shi kaɗai ba. Mu duba 2 Korantiyawa sura 8, mu ga yadda ya aiki Titus tare da ɗan'uwan da ikilisiyoyi suka zaɓa, domin kada zargi ya shiga.

Wani abin takaici kuma, mukan tara kuɗi kan abin da ake yi kyauta a garinmu. Asibitin Yara na Noma a nan Sakkwato yana aiki tun 1999, ana gyara fuskar yaran da cutar noma ta cinye musu baki da kumatu ba tare da karɓar kuɗin tiyata ba, kuma ƙungiyar likitoci ta MSF ta shiga aikin a 2014. Asibitin Mata da Yara na Maryam Abacha sananne ne wajen aikin yoyon fitsari. A Nuwamba 2024 Gwamnatin Tarayya ta ba da sanarwar tiyatar haihuwa kyauta ga mata marasa ƙarfi. Sanarwa dabam, samu dabam, mun sani. Duk da haka a tura dattijo ko ma'aikaciyar jinya daga cikinmu ta je ta tambaya tukuna.

Roƙonmu ga kowace majalisar dattawa shi ne a buɗe asusun marasa lafiya na dindindin, a keɓe masa baikon Lahadi ɗaya a wata, tun ciwo bai zo ba. Mutum uku su riƙe shi, a cikinsu lalle a sami wakiliyar zumuntar mata, domin mata sun fi mu sanin wadda ke ɓoye ciwo. A biya asibiti, a karɓo rasit, a karanta rahoto gaban jama'a ba tare da ambaton suna ba. Ikilisiyoyinmu ƙanana ne, saboda haka ECWA, Baptis, Angalikan, Katolika da sauranmu mu yi tunanin haɗa ƙarfi idan aiki babba ya taso.

Dokar inshorar lafiya ta ƙasa ta 2022 ta wajabta rajista, kuma jiharmu tana da hukumarta, SOCHEMA. Sakatarorin ikilisiya su je ofishinta su samo bayanin kuɗin shekara da irin tiyatar da take biya, su kawo wa taron dattawa na gaba tare da adadin gwauraye da marayun da ba su da rajista.