Sharhi: Tarin da ya ƙi jin magani, wani lokaci daga ciki yake tasowa

A watan Mayun 2018 Gwamnatin Tarayya ta haramta sarrafawa da shigo da maganin tari mai ɗauke da kodin, amma har yau kantin magani ne zangon farko na mai tari a Abuja. Sai a sha kwalba bayan kwalba, tarin yana nan.

Likitoci na kiran tari mai naci idan ya haura mako 8 a jikin babba. Cikin sabubbansa akwai asma, da majinar da ke gangarowa maƙogwaro, da wasu magungunan hawan jini irin su lisinopril. Akwai kuma ƙwannafi, wanda jama'a kan haɗa da olsa: ruwan tsamin ciki ya hauro maƙoshi, ya tsokano jijiyoyin da ke tayar da tari, musamman bayan cin abinci ko idan an kwanta.

Tsarin rayuwar birnin na taimaka masa. Ma'aikacin da ke zaune a Nyanya, Kubwa ko Gwagwalada kan kwashe sa'o'i cikin cunkoson motoci, ya iso gida da dare, ya ci tuwo da miya mai yaji da maiƙo, ya kwanta nan take.

Sai dai sayen omeprazole ba bisa umarnin likita ba ba mafita ba ce. Ƙa'idar da ƙungiyar likitocin ƙirji ta Amurka ta fitar a 2016 ta nuna cewa maganin rage tsamin ciki shi kaɗai ba kasafai yake amfanar mai tarin da ba ya jin ƙwannafi ba. Ga mai jin sa, ta ba da shawarar rage ƙiba, ɗaga gado ta wajen kai, da barin tazarar sa'o'i 3 tsakanin cin abinci da kwanciya, tare da magani. Ko da hakan, tarin na iya kai wata 3 kafin ya lafa.

A Najeriya, wata 3 ba ƙaramin jira ba ne. Ƙasar na cikin waɗanda tarin fuka ya fi addaba a Afirka, shi ya sa hukumomin lafiya ke neman duk wanda ya yi mako 2 yana tari ya je gwajin kaki, wanda kyauta ne a cibiyoyin gwamnati. Wanda ya ɗora tarinsa kan ƙwannafi kafin wannan gwaji na iya shafe watanni yana baza cutar ga iyalinsa da abokan zamansa a motar haya.